Dutse, Kogi da Fadama: Yadda Ake Shirya Tafiyar Kwana Biyar a Karkarar Kano da Jigawa

Matasa da yawa suna ganin hotunan masu hawan tsaunuka da masu tsere a jirgin roba a kogin Nilu, wajen garin Jinja na Yuganda, sai su ɗauka irin wannan yawon sai mai fasfo. Alhali tsakanin Riruwai a kudancin Kano da Baturiya a gabashin Jigawa akwai duwatsun da za su sa ƙafa ta yi tsami, da ruwan da ake tuƙa kwalekwale, da fadamar da tsuntsaye ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a cikinta. Sai dai wuraren nan ba a shirya su domin baƙi ba. Babu allon gargaɗi a bakin rami, babu motar asibiti a gindin dutse, babu ma'aikacin ceto a bakin kogi. Abin da ke maye gurbin waɗannan duka shi ne mutanen wurin: dagaci, Sarkin Ruwa, ma'aikacin gandun daji, da tsohon maharbin da ya san kowane lungu. Da ɗan gari akan ci gari, kuma duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: zaɓen wata

Abubuwan nan uku ba lokaci guda suke kyau ba, shi ya sa zaɓen wata ya fi zaɓen jaka wuya. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce: dutse yana santsi, tsawa tana sauka a kan tudu, koguna suna cika su yi ambaliya, hanyoyin fadamar Hadeja kuma su yanke. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, hawan dutse ya zama neman ciwo, ƙananan koguna su koma yashi. Abin da ya rage shi ne tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. A lokacin dutse ya bushe, ruwan kogi ya kwanta amma bai janye ba, ciyawa ta fara faɗuwa ana iya hangen dabba, tsuntsayen ƙaura kuma sun iso. Wanda ke son hango nesa daga kan dutse ya fi dacewa da Nuwamba, kafin hazon hunturu ya yi kauri, domin a Janairu akan wayi gari ba a ganin ƙauyen da ke gindin dutsen ma.

Ayari kada ya wuce mutum takwas. Fiye da haka kwalekwale ɗaya ba zai ɗauke ku cikin aminci ba, jagora ɗaya ba zai iya sa ido a kan kowa ba, surutu kuma zai kori duk abin da kuka zo kallo.

Mataki na biyu: izini da labarin tsaro

Mako biyu kafin tafiya, mutum biyu daga ayarin su je su gaida dagacin garin da za a sauka, in da hali ta hannun wani ɗan garin. A durƙusa a yi gaisuwa yadda ta kamata: "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne daga Kano, muna neman izinin hawa dutsen nan ranar kaza, mu takwas ne, muna roƙon a haɗa mu da wanda ya san hanya." A faɗi adadi, da rana, da wurin kwana. Dagaci ne zai sanar da 'yan sintiri, kada su ga baƙin fuskoki da jakunkuna a daji su yi zaton wani abu. A kuma leƙa ofishin 'yan sanda na yankin a bar sunaye da lambobin waya.

Dajin Falgore yana buƙatar magana ta musamman. Yana kan hanyar Kano zuwa Jos, ta Kwanar Dangora da Tudun Wada, kimanin kilomita 150 daga birni, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sa shi, tare da fadamar Hadeja, cikin wurare goma da ta amince a mayar da su gandun daji na ƙasa. Amma dajin ya yi fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har sojoji suka mayar da wani sashensa filin atisaye a 2017. Saboda haka ba a shigarsa sai da izinin hukumar da ke kula da shi da rakiyar ma'aikatanta, da rana, kuma ba a kwana a ciki. Labarin tsaro na wancan watan ba ya aiki a wannan makon: a sake tambaya ana gobe za a tashi. Idan dagaci ko jami'in tsaro ya ce a dakata, an gama magana, sai a karkata zuwa duwatsun Rano ko na Birnin Kudu.

Kada kowa ya sa tufafi masu zanen kakin soja. Haramun ne ga farar hula a Najeriya, a daji kuma yana iya jawo harbi. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi ma a bar shi a gida muddin ba a da takardar izini.

Mataki na uku: kaya

Jakar baya kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗaukarta: mai kilo 60, jakarsa kilo 12. Ruwa ne zai cinye kashi ɗaya cikin uku na wannan. Ranar hawan dutse kowa yana buƙatar lita 4, wato ledar fiya-wata takwas, amma gara a zuba a gora mai murfi, domin leda takan fashe a jaka kuma ita ce sharar da ta fi ɓata wuraren nan. Guzuri: dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kilishi, garin kwaki da sukari. Ba sa lalacewa, ba sa nauyi.

Takalmi kambas ne mai tafin roba wanda aka riga aka saba da shi. Sabon takalmi yana sa ƙafa ta yi bororo tun kafin hantsi, silifas kuma yana zamewa a gangara. A haɗa da safa biyu, hula mai baki, doguwar riga mai launin ƙasa ko toka, rigar sanyi domin asubar hunturu, gidan sauro, tocila da batir na canji, usur, da man kaɗanya saboda tsagewar leɓe da diddige. Akwatin magani na ayari ya ƙunshi bandeji mai naɗewa guda uku, filasta, aidin, farasitamol, sabulu, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In ƙullin ya ƙare, ana haɗawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri.

Abu biyu ne ba a samu a ƙauye, dole a zo da su daga birni: rigar ceto ga kowane mutum, da igiya mai tsawon mita 20. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin sabis ɗin waya yakan ɗauke a kwari da cikin fadama.

Kwana na ɗaya da na biyu: dutse

Ga masu fara koyo, duwatsun Rurum a ƙasar Rano, kusa da dam ɗin Tiga, sun isa gwaji. Waɗanda ƙafarsu ta saba su nufi tsaunukan Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda ƙasar Kano ta fi tudu, inda kuma ruwan Zainabi ke gangarowa daga dutse. Riruwai tsohon garin haƙar kuza ne, akwai ramukan da aka bari, waɗansu ciyawa ta rufe bakinsu, waɗansu sun cika da ruwa mai zurfi. Ba a barin sawun jagora a can ko da taki biyar.

A tashi bayan sallar asuba, da zarar gari ya waye har ana ganin inda ake taka ƙafa. Lissafin lokaci ga ayarin da bai goge ba: kilomita 3 a awa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a ƙara awa guda ga kowane mita 300 na hawa. Kafin a ɗaga ƙafa a tsayar da lokacin juyowa, misali ƙarfe goma sha ɗaya, an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Mafi yawan matsalar dutse daga nan take farawa: an ga saura kaɗan, an ƙara awa biyu, ruwa ya ƙare, rana ta take, aka sauko a gajiye. Jagora ne a gaba, mafi rauni a bayansa domin shi ne ma'aunin saurin kowa, mafi ƙarfi a ƙarshe. A huta minti goma bayan kowane minti hamsin, a sha ruwa ko ba a jin ƙishi, domin iskar hunturu tana busar da gumi kafin mutum ya san ya yi shi. Fitsari ya yi ja kamar shayi, ko ciwon kai da jiri, alama ce ta a zauna a inuwa a sha ruwan gishiri da sukari. Wanda ya fara sambatu ko ya rikice, jikinsa ya yi zafi rau, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a sauko da shi asibiti ba tare da jira ba.

Irin duwatsunmu suna yin ɓawo: rana ta gasa su, dare ya sanyaya su, sai fallen sama ya saki. A ƙwanƙwasa da sanda kafin a ɗora nauyi, in ya yi ƙara kamar ganga to akwai rami a ƙarƙashi. Baƙin layin da ruwa ya bi a jikin dutse yana da gansakuka, yana santsi ko da rani. Saukowa ta fi hawa haɗari, gwiwa ta gaji, ido yana kallon gida. A gajarta taki, a gangaro a karkace, inda ya yi tsaye a zauna a ja jiki. In dutse ya kuɓuce daga ƙafar wani, ya ɗaga murya ya ce "Dutse!" domin na ƙasa su kauce.

Kada a cusa hannu a tsagar dutse ko ƙarƙashin fale. Kububuwa da kasa da gamsheƙa duk suna fakewa a irin wuraren nan, kububuwa kuma ƙarama ce mai launin ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa. Idan ta sari mutum, a kwantar da shi, a cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa babban asibitin da ke da allurar dafin maciji. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya da igiya, ba a ɓata awanni wajen jiƙe-jiƙe. Kafin a bar gida ya kamata a san wane asibiti ne mafi kusa da ke da allurar. Ƙudan zuma ma suna yin gida a kogon dutse, turare mai ƙarfi da hayaƙi da ihu suna tayar da su. In sun taso a rufe fuska a bar wurin ta hanyar da aka zo, ba ta gefen gangara ba.

Duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ba tsayi ne darajarsu ba. A jikinsu akwai tsofaffin zanen shanu, da duwatsun da ke ƙara kamar ƙararrawa in an buga su, kuma suna ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. A nemi ma'aikacin hukumar ya yi rakiya. Kada a taɓa zanen da hannu, kada a watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto, kada a bi shi da alli ko gawayi. Maiƙon hannu da ruwa suna cin launin, kuma abin da ya goge ba mai iya mayar da shi. Rubuta suna da fenti a jikin dutse ɓarna ce da ya kamata shugaban ayari ya hana tun daga mota.

Kwana na uku: ruwa

A duniya ana auna ƙarfin kogi daga mataki na 1, ruwa mai tafiya a hankali, zuwa na 6, wanda ba a shiga. Kogunan Kano da Jigawa da rani na matakin farko ne, jirginmu kuma kwalekwalen katako ne, ba na roba ba. Wannan bai sa su zama wasa ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a dam ɗin Watari, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Ruwan kwance yake, lodi ne ya yi yawa.

Wuraren da suka dace su ne gefen dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ko kogin Wudil, inda ruwan kogin Kano da na Challawa suka riga suka haɗe suka nufi Hadeja. A fara da gaida Sarkin Ruwa, shi zai zaɓo matuƙi. A tambayi matuƙin kai tsaye: "Baba, mutum nawa jirgin nan yake ɗauka?" Adadin da ya faɗa, a rage biyu. Bayan kowa ya zauna, a duba tazarar bakin jirgi da ruwa: in ba ta kai taƙi ɗaya ba, wani ya sauka. A duba ƙasan jirgin ko yana tsatsafo, a tabbatar akwai ƙwarya ko yankakkiyar jarka ta kwarfe ruwa, da filafili na biyu.

Rigar ceto a ɗaure ta tun a tudu. Gwajinta: wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama, in ta haura kunne to ta yi sako-sako, za ta zame a ruwa. Babbar riga da dogon hijabi suna shan ruwa su naɗe ƙafa, don haka maza su sa riga da wando, mata su sa wando a ciki da gajeren hijabi, rigar ceto a sama. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiya, a zauna ƙasa-ƙasa. Ba a miƙewa tsaye domin hoto, ba a ruguwa gefe guda don an ga wani abu. Igiyar nan ta mita 20 a ɗaura mata jarkar lita 4 da ɗan ruwa a ciki don ta yi nauyin jifa, a ajiye ta a hannun wanda ke tsakiya.

A shiga ruwa tsakanin ƙarfe bakwai da sha ɗaya na safe. Da rana iska takan tashi a Tiga ta tayar da igiyar ruwa da kwalekwale ba ya jurewa, ga kututturan itatuwan da dam ya shanye suna ɓoye a ƙasa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, kuma dokar tana da hujja. A kogi kuma a tambaya ko an saki ruwa daga Tiga ko Challawa, domin kogi yana iya ƙaruwa ba tare da an ga hadari ba. A nisanci bakin ƙofofin dam, da madatsar ruwa ta kwarin Hadeja, da manyan magudanan noman rani na Kadawa. Ruwan da ke zubowa daga madatsa yana juyawa ya riƙe mutum a wuri ɗaya, bangon magudana kuma siminti ne mai santsi, ba wurin kamawa.

In jirgi ya kife, a riƙe jikinsa, katako ba ya saurin nutsewa. Wanda ruwa ya ja ya kwanta rigingine, ƙafafu suna gaba ta inda ruwa ya nufa, ya riƙa karkata zuwa gaɓa. Kada ya yi ƙoƙarin tsayawa a ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, ƙafa takan maƙale. Ya kauce wa itacen da ya faɗo cikin kogi, da kachala, da taru da mamarin masunta. Na tudu ya jefa igiya, kada ya faɗa ruwa: mai nutsewa yana danne mai cetonsa.

Wanka a ruwan dam da na fadama yana kawo tsargiya, tsutsar da ke fitowa daga katantanwa ta huda fata. A yi alwala da ruwan rijiya ko na famfo. Ruwan sha in ba na gora ba ne a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka.

Kwana na huɗu da na biyar: fadama da tsuntsaye

Kada shugaban ayari ya yi wa kowa alkawarin zaki ko giwa. Farauta da sarar itace da kiwo sun rage manyan namun dajin yankin ƙwarai. A duwatsu da gefen Falgore abin da ake sa ran gani shi ne gwaggon biri, jan biri, gada, zomo, guza, zabin daji, cilakowa, wani lokaci mugun dawa. Arzikin gaske yana Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wadda ta shiga jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Daga Kano ana bi ta Gujungu zuwa Hadeja a kwana, a yi sammako. Akwai kirinjijiya da ɗinya da dani da zalɓe da balbela, ga agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa da suka ƙetaro Sahara daga Turai.

Lokacin kallo awa biyu ne bayan fitowar rana da awa biyu kafin faɗuwarta. A sa rana a bayan kai don launi ya fito. Ga dabbobin tudu, a ɗebi ƙura a saki a ga inda iska ta nufa, a tunkare su iska tana bugun fuska. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 guda biyu sun ishi ayari. A kashe ƙarar waya, a zauna wuri ɗaya minti ashirin, abin da ya ɓuya zai fito da kansa.

Ma'aunin kusanci tsuntsun ne yake ba da shi: in ya daina kiwo ya miƙe wuya, an matso da yawa, a ja baya. Jifa ko tafi don garke ya tashi a ɗauki hoto zalunci ne, domin kitsen da tsuntsun ke tarawa a fadamar nan da shi zai sake ƙetare hamada wajen Maris da Afrilu, kowane tashin banza yana rage masa. Kada a ba biri abinci, yana sabawa ya koma ɓarna a gonakin mutane, su kuma su kashe shi. In ya yi cizo ko yakushi, a wanke da sabulu da ruwa minti goma sha biyar, a je asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare. Za a iya kawo muku ɗan biri ko kunkuru ko ɗan gauraka a ce ku saya. Ko don tausayi kada a saya: kuɗin da aka biya shi ke sa a koma a kamo wani, kuma galibi sai an kashe uwar biri ake samun ɗanta.

Fadamar gonar mutane ce kuma makiyayarsu. A bi kunya da burtali, kada a ratsa shinkafa ko albasa. A yi sallama daga nesa kafin a doshi ruga saboda karnuka, kuma ba a ɗaukar hoton mata a bakin rijiya ko na yara sai da yardar manya. Wuta a hura ta a kan yashi, da itacen da ya faɗi, a kashe da ruwa har toka ta yi sanyi a hannu, domin guntun sigari ɗaya ya isa ya cinye ciyawar da garke zai ci har bazara. Bahaya a haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya, taki saba'in daga ruwa, a binne. Leda da gwangwani da batir duk su koma mota.

Ladan jagora da na matuƙi a yanke shi kafin a tashi, a gaban wanda ya haɗa ku, a damƙa wa mai aikin hannu da hannu. A sayi kifi da fura da tabarma a garin, kada a tsananta ciniki. A koma a yi wa dagaci sallama, a gaya masa abin da aka gani, har da tarko ko sabon saran itace in an ci karo da su.

Bayan dawowa, duk wanda ya yi zazzaɓi cikin makonnin farko ya je a gwada jininsa, ya gaya wa likita ya kwana a fadama. Wanda ya jiƙe da ruwan dam ko kogi ya kai fitsari da bahaya gwajin tsargiya bayan kamar wata biyu, ko bai ga jini ba. Shan maganin praziquantel washegarin dawowa ba ya amfani, domin sai tsutsar ta girma maganin yake kama ta.